Tsagar da ke Kuncin Hadija

Sunana Gariba, aikina feshin fenti a Magazin na Suame, unguwar makanikai a Kumasi. Bayan trotro, wato motocin haya, da gefen manyan motoci nake yi wa zane: zaki, gaggafa, fuskar mai motar in ya ce yana so. Boko ban yi nisa ba. Amma ka ba ni ƙaramar bindigar feshi, wadda ba ta fi biro girma ba, zan fitar maka da mutum har uwarsa ta tsaya gaishe shi.

Matata Hadija ta rasu shekarun baya. 'Yarmu Rafia, ita kaɗai Allah ya bar mana, ta gama karatun nas aka tura ta aiki garin Wa, can arewa. Ana saura 'yan kwanaki ta tafi, ta same ni a ƙofar gida a Asawase ina cin waakye, shinkafa da wakenmu.

"Baba, direbobin Kumasi kaf ka zana su. Mma fa?"

"Mma me?"

"Ka zana min ita in tafi da ita."

Na ce mata ni mai fentin mota ne, uwarta kuwa ba mota ba ce. Ta ce ta ji. Ta ɗora min hoto a gwiwa ta shige ciki. Halin uwar sak: ba ta musu da kai, ba ta kuma fasawa.

Hoton nan shi kaɗai muke da shi. Daga katin zaɓe aka ciro shi, masu hoto suka ƙara masa girma, suka kuma yi mana gwaninta, suka share fuskar da kwamfuta har ta yi sumul kamar ta 'yar tsana. Katin kansa ya ɓace tun da muka sake ɗaki. Hadija kuwa tana da tsaga ɗaya ƙarama a ƙasan ido, wadda aka yi mata a ƙauyensu wajen Salaga lokacin da jijjiga ta kama ta tana jaririya. Sun share ta. Ban damu ba, na ce ai tana kaina.

Na yanko falle daga tsohuwar ƙofar trotro, na goge shi, na shimfiɗa fenti mai haske a ƙasa, sannan na riƙa fesa launin fata a kai siriri-siriri. Feshi ya iya goshi, ya iya inuwar wuya, ya iya duk abin da yake da taushi. Amma bai san gashi ba. Ƙananan abubuwa sai fensir da karce.

Fensir ma ba kowanne ba. Mai maiƙo zamewa yake a kan fentin mota, in ka zo fesa mai ƙyalli na ƙarshe kuma ya narke ya ɓata maka aiki. Na 'yan makaranta tauri gare shi, huda fentin yake. Ina da wasu guntaye a gwangwanin madara da na daɗe da sanin halinsu, da su na yi gashin ido da layin leɓe. Karce kuwa shi ne ka ɗauke fentin sama kaɗan, hasken ƙasa ya leƙo. Da bakin reza na buɗe ɗigon hasken cikin ido. Da silin wayar birki na ja gashin gira. Da allura na fitar da zaren mayafi.

Da azahar sai ga Hadija tana kallona daga jikin ƙarfe. Na ɗauki reza zan sa tsagar, hannuna ya tsaya.

Dama ko hagu?

Na rufe ido na kira ta. Ta zo da dariyarta, da yadda take ɗaure kallabi a karkace, amma in na dubi wannan kuncin sai tsagar ta koma wancan. Matar da na yi rabin rayuwata ina kallo.

Kuma aikin ba ya jira. Fenti yana karɓar karce ne kafin ya gama ƙeƙashewa, in ya wuce haka ɓarewa yake. In ka karta a inda ba nan ba, babu gyara, domin faci a kunci fitowa yake kamar faci a taya. Sai dai a sake fuskar daga farko, motar Wa kuwa ba za ta tsaya min ba.

Na kira Rafia a waya, na yi kamar ina gwada ta.

"Ke, tsagar uwarki wane ɓangare take? In ji ko kina da kai."

"Hagu," in ji ta. "Ko dama? Baba, kai ba ka sani ba?"

"Na sani mana. Ke nake tambaya."

Muryarta ta yi ƙasa. "Shi ya sa na ce ka zana min. Ta fara gudu daga idona."

Na kashe wayar, na hau trotro zuwa Akwatia Line wurin Yaya Barkisu, yayar Hadija, mai sayar da atamfa a bakin layi.

"A'a, mai fenti! Yau wace mota ce ta lalace a layinmu?"

"Yaya, tsagar Hadija. Dama ko hagu?"

"Hagu mana," ta ce, tana dafa kuncinta na dama.

"Bakinki ya ce hagu, hannunki ya ce dama."

Ta dubi hannun kamar ba nata ba. "To hagun wa? Nawa ko nata? Kai da ka aure ta ka zo kana tambayata? Maza dai! Da lambar mota ce da ka karanto min ita da ka."

Ta ga fuskata, ta jawo min benci.

"Zauna, Gariba. Ni abin da ban manta ba shi ne ranar sunan ɗan ƙaninmu Sanni. Ƙanwata ta shigo cikin mata ta sha ado, ga shuɗin fenti kwance a cikin tsagarta kamar an ja da biro. Muka ce, Hadija, mijin naki har ke yake fesawa? Ta ce ai sauro ya kashe mata. Sauro! Ranar har mai tuwo sai da ta ajiye muciya don dariya."

Na tuna. Ranar na dawo daga aiki, tana shirin fita, na riƙe fuskarta na ce ta yi kyau. Abin da ban saba faɗa ba ke nan. Ta ture ni ta ce in je in yi wanka.

Na dubi hannuwana a kan gwiwa. Na dama, mai riƙe bindiga, kusan fes yake. Na hagu shi ke riƙe kwalin da nake kare fenti da shi, shi feshi ke sauka a kai kullum, babban yatsan ko tina, ruwan wanke fenti, ba ta fitar da shi duka. Na ɗaga hagun a iska kamar tana tsaye a gabana. Yatsan ya tafi inda ya saba.

"Dama," na ce. "Kuncinta na dama."

"Ai abin da na faɗa ke nan," in ji Yaya Barkisu.

Da na koma Magazin na tarar da Rafia zaune gaban hoton da nake zanawa, ta kawo min abinci. Ban taɓa fuskar ba tukuna. Na ɗauko guntun ƙarfen da na gwada launin fata a kai. Reza ta ba ni sabon yanka, kamar yau aka yi. Allura ta ba ni silin gashi. Ƙusa ta yaga fentin. Tsagar Hadija tsohuwa ce, ta girma tare da ita, bakinta a kwance yake.

"Ina son abu mai dakusasshen baki," na ce, "amma mai santsi."

Rafia ta buɗe jaka ta fito da tandun kwallin uwarta. Tsinken na tagulla ne, bakinsa ya mulmule don shekarun da ya yi yana bin ido. Na ja shi a guntun ƙarfen. Ita ce.

Na yi bismillah, na ja sau ɗaya a ƙasan idon dama, na bi gefen layin da fensir mai ruwan ƙasa, na shafa da yatsa.

Rafia ta matso kusa da hoton. Sannan ta ce, "Sannu, Mma," a hankali, yadda take ce mata in ta dawo daga kasuwa.

Ranar tafiya na naɗe hoton da tsohon zane, na gaya wa yaron mota in ya ɗora masa buhu ni da shi ne. Ta tafi da hoton, ta tafi da tandun.

Ni guntun ƙarfen gwajin ya rage min. Babu ido, babu baki, launin kunci ne kawai da layuka, ɗaya a cikinsu daidai. Na rataye shi kusa da kwamfuresa, injin iskar feshi. Direbobi in sun tambaya ina ce musu gwaji ne. In zan rufe shago nakan taɓa shi da yatsan hagu, shi ya sa wurin ya fara yin shuɗi.