Mutumin da Ya Tare Ƙofa

Ɗakin asibitin ƙofa ɗaya gare shi, ita ma wani dattijo ya cika ta da jikinsa da sandarsa ta kiwo. Taga kuwa ƙarafa aka gitta mata. Ruwan kogin Haɗeja ya shanye hanya, likita na can ƙetare, mai gadi ya ruga ceton shinkafarsa. Ummussalma, nas ɗin da ke bakin aiki, ta ji tsoro ƙwarai.

Bakinta ne ya ja mata, bakin nan da kullum ke riga hankalinta isa. Ɗazu aka sauko da wata budurwa, Jannatu, daga kwalekwale, kububuwa ta sare ta a ƙafa. Ummussalma ta dubi dattijon da ya raɓe gefe yana kallon ƙasa.

"Kai ne mahaifinta?"

Shiru.

"Sunanta fa?"

Wata mata ce ta amsa.

"To fita! Bayani sai mahaifi, ban da 'yan kallo."

Shi ne fa ya tare ƙofa, ido jajur. "Ba mai fita sai na ji abin da ake yi wa yarinyar nan!" Ya maka wa tebur sanda, kwalabe suka watse.

Allurar dafin tana firji a ɗaya ɗakin. Ƙafa sai kumbura take, jini ya fara tsattsafowa daga dasashin Jannatu.

Nan Ummussalma ta tuna tata uwar a Kafin Hausa, wadda har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunanta ba, don ita ce 'yar fari. Ashe Jannatu 'yar farinsa ce, alkunya ce ta ɗaure bakin mutumin, ita kuma ta kore shi a gaban mutanensa. Kunya ta rufe ta.

Ta rusuna. "Baba, ka yi haƙuri. Ba zan ƙara tambayarka komai ba, ni zan faɗa, kai dai ka ji. Dafin ya shiga jini, shi ya hana jinin tsayawa. Akwai allura, tana ɗakin da ke bayanka."

Sandar ta sauka kaɗan. "Za ta tashi?"

"Ban sani ba, Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma in ban wuce yanzu ba, za mu rasa ta."

Ya matsa.

Da ta dawo da allurar a guje, ta same shi tsaye ya ba gadon baya, fuska a bango, sai ka ce bai san wadda ke kwance ba. Hannunsa kuwa, ta baya, yana damƙe da bakin zanen Jannatu.