Mai Kujeru Ya Koma Zaman Ƙasa

Duk wanda ya taɓa sayen kushin a layin kafintoci ya san Mai Kujeru. Tun yana saurayi yake sana'ar har gemunsa ya yi fari, kuma rabin falukan unguwar a kan aikinsa ake zaune. To wannan mutum ne aka wayi gari ya fitar da komai daga ɗakinsa ya koma zaman ƙasa. Da wani ne ya yi haka babu mai ɗaga kai ya dube shi, don ƙasa ba baƙuwar kowa ba ce. Amma a ce mai sayar da kujera ya ƙi kujera, ai dole a yi magana, kuma an yi ta har da ƙari.

Abin ya faro ne daga yoyon rufi. Ruwa ya ɓata silin ɗin ɗakinsa, aka kwashe kaya waje don masu gyara su sami inda za su kafa tsani. Kayan kuwa ba kaɗan ba ne. A gidan mai irin wannan sana'a, duk abin da ya yi kwantai a shago gida yake ƙarewa. Akwai kushin ɗin da wata ta ce launinsa bai yi mata ba, da durowar da ƙofarta ta karkace, da teburin gilashi mai tsaga a kusurwa, da wani madubi da ya kusa taɓa silin. Shekara da shekaru Mai Kujeru a kaikaice yake shiga ɗakinsa, ƙwabrinsa duk tabon karo da ƙafar tebur, bai taɓa tambayar kansa dalili ba.

Ranar da masu gyara suka gama, ya shiga duba aikinsu ya tarar da ɗakin wayam. Rana ta shigo ta taga har tsakiyar daɓe, inda bai taɓa ganin ta kai ba. Ya ware hannuwa bai taɓa komai ba. Ya yi tari, ɗakin ya amsa masa. Sai ya zauna a ƙasa, daga zama ya miƙe, bayansa ya yi ƙas-ƙas, ya ji wani daɗin da ya manta akwai shi a duniya. Da ma'aikatan shago suka ɗauko kushin za su mayar, daga kwance ya ce musu, "Ku aje shi inda kuka ɗauko shi."

Daga nan abu ya yi ta gaba. Ya raba kayan ga masu so, ya bar wa kansa tabarma, da bargo, da 'yan riguna a jikin ƙusa. Ya miƙa wa Auta, ƙaramin ɗansa, makullin mota, ya ce shi da ƙafa zai riƙa yawonsa. Shagon ma ɗungurungum ya damƙa shi a hannun babban ɗansa, wanda kowa a gidan ke kira Babba. Kullum da safe sai ya fita ya yi ta taka gari yana kallon titunan da a da ta gilashin mota kawai ya san su, ba ya dawowa sai rana ta take. Matarsa ta yi faɗan, ta yi lallashin, da ta gaji ta yanke nata hukunci. "A ɗakinka ka yi duk abin da ka ga dama, Malam," in ji ta. "Amma nawa ɗakin, ko filo ka taɓa sai maƙwabta sun ji mu." Ya ce ya yarda, suka zauna lafiya.

Mutanen layi ne ba su zauna lafiya ba. Mutum ya kwanta a ƙasan ɗakinsa, amma wai bayan wasu ne ke ciwo. Abokan hamayya suka ce ai ya san abin da yake cusawa cikin kushin ɗinsa, shi ya sa ba ya yarda ya zauna a kai. Wasu suka ce karayar arziki ce ake ɓoyewa. Wannan duk Babba ya shanye. Wadda ta tsaya masa a rai ita ce maganar wani tsohon dillali, da ya tsaya a ƙofar shago a gaban masu ciniki ya ce, "Yaran zamani ke nan. An karɓe shago, an bar tsoho a kan siminti."

Babba ya zo gida ya roƙi uban. Ya ce ko ɗan ƙaramin gado ne, ko kujera ɗaya tal don baƙi. Mai Kujeru ya yi kunnen uwar shegu da shi. Ya sake zuwa, aka sake watsa masa ƙasa a ido. Daga nan ya daina zancen, uban ya ɗauka an wuce wurin.

Wata rana Mai Kujeru ya dawo daga yawonsa, tun daga bakin ƙofar gida hancinsa ya gaya masa akwai labari. Warin gam ne da sabon fenti. A tsakar gida ga kwalaye da tsummokaran goge katako, ga Auta tsaye yana sosa ƙeya, ga matarsa ta shige ɗakin girki tana buga tukwane fiye da yadda aikin yake buƙata. Bai tambayi kowa ba, ya nufi ɗakinsa.

Gado ne ya cinye ɗakin daga bango zuwa kusa da taga. An naɗe tabarmarsa an jingine ta a lungu. Babba na zaune a bakin gadon, hannayensa duk busasshen gam, yana murmushin wanda bai tabbata ba ko za a yaba masa ko za a kore shi.

Ran Mai Kujeru ya ɓaci ƙwarai, amma idon sana'a ba ya jiran izinin zuciya. Kafin ya buɗe baki ya riga ya ga katakon, jan katako mai nauyi irin wanda ake ɓoyewa a bayan shago don babban aiki. Ya ga allon kai da aka sassaƙa da hannu, ba inji ba. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi yana neman noti, don kowane gado da noti ake ɗaure shi, saboda ranar da za a tashi a kwance shi a fitar. Babu ko ɗaya. Guntu-guntu aka shigo da shi, aka harhaɗa shi a cikin ɗakin, kowace mahaɗa an fafe ta an zura ta cikin 'yar'uwarta an cika da gam. Gadon ya fi ƙofa faɗi, ya fi taga tsawo. Idan gam ɗin ya kama, babu abin da zai fitar da shi sai zarto.

Ya sa yatsa a wata mahaɗa. Gam ɗin da ya tsattsafo yana da sauran danƙo.

"Bai gama kamawa ba," in ji shi. "Tashi ka ɗauko gudumar katako ka bubbuge shi yanzu, ya fita lafiya lau. Ka kai shi shago, ba zai kwana bai sami mai saye ba."

"Ba na sayarwa ba ne, Baba. Naka ne. Tun ranar da ka ba ni shago nake aikinsa."

"Na gode. Ɗauko guduma."

Babba ya gyara zama. "Wallahi ba zan ɗauko ba."

"To in ya bushe, zarto zan sa masa."

Nan Babba ya yi 'yar dariya, kuma a nan ne ya yi kuskurensa. Ya san ubansa, ko kuma ya ɗauka ya san shi. Wannan mutum ne da ya taɓa hana shi abincin rana yana yaro don ya yanke katako ba a kan layi ba. Mutumin da ke tsince lanƙwasasshiyar ƙusa a ƙasa ya miƙar da ita. A lissafin Babba, irin wannan mutum hannunsa ba zai taɓa iya ɗora zarto a kan lafiyayyen aiki ba. A kan wannan lissafi ya zuba gam ɗin, kuma duk wanda ya tashi a shagon nan haka zai lissafa.

Mai Kujeru ya warware tabarmarsa a ɗan wurin da ya rage tsakanin gado da bango, ya zauna ya harɗe ƙafafu. Ɗa a sama, uba a ƙasa, gam na bushewa a tsakaninsu. Babba ya ji nauyin zaman, ya zame zai sauko, sai kuma ya tuna in ya tashi daga kan gadon kamar ya sallama ne, ya koma ya zauna a takure.

"Baba, ka san abin da ake faɗa a kaina a layi? Cewa ake na ƙwace shago na bar ka a kan siminti."

"Ka ƙwace?"

"A'a."

"To mene ne naka a ciki?"

"Ni nake tsayuwa a ƙofar shagon, ba kai ba! Kai kana can kana yawo kamar wanda ba shi da kowa. Mutum ya kai shekarunka, da 'ya'ya da rufin asiri, ya ce sai ya kwana a ƙasa? Me muka yi maka?"

"Ba ku yi min komai ba. Shi ne abin da kuka kasa ganewa." Mai Kujeru ya dafa daɓen da tafin hannu. "Tun ban kai shekarunka ba nake auna ɗakunan mutane ina cika musu su. Wannan na son doguwa, wancan na son mai laushi, ni kuma abin da suka ƙi shi nake kwasowa in kwana a tsakiyarsa. Ban taɓa zaɓar wa kaina ko kujera ɗaya ba. Yanzu na zaɓa. Ba na son komai. Ɗan wannan filin shi ne abu na farko da na ce nawa ne, shi ne za ka cika min don wani dillali ya yi shiru?"

"Don mutuncinka ne."

"Don naka ne. Kuma ban ga laifinka ba, amma ba a ɗakina za ka aje shi ba."

Matarsa ta leƙo ta ce abinci ya sauka, babu wanda ya kula ta. Ta dubi ɗan, ta dubi uban, ta ce, "Kai da shi duk jirgi ɗaya ya kwaso ku," ta saki labule.

Da inuwa ta juya, Mai Kujeru ya sake miƙa hannu ya taɓa mahaɗar. Wannan karon farcensa bai shiga ba. Ya dubi Babba, ya ba shi dama ta ƙarshe da ido, Babba ya kau da kai. Sai ya ɗaga murya. "Auta! Miƙo min zarto a cikin jakar yayanka."

Auta ya kawo, ya ajiye daga bakin ƙofa ya gudu.

"In ka yanka gadon nan, Baba," in ji Babba, "ba ni ba sake shigowa ɗakin nan."

Maganar ta soki Mai Kujeru, don duk cikin 'ya'yansa babu wanda yake ji da shi kamar wannan mai taurin kan. Ya tsaya da zarton a hannu har Babba ya fara tunanin ya ci nasara. Amma uban ya san in ya ajiye shi yau, gobe kujera ce za ta biyo baya, jibi durowa, kuma duk da sunan ƙauna za a kawo su. Ya ce, "Ɗaga ƙafarka."

Ya durƙusa ya ɗora zarton a kan katakon gefe, dab da allon kai, ya ja. Ƙarar ta cika gidan, tukwane suka yi tsit a ɗakin girki. Katakon na da tauri, hannunsa kuma ya kwana biyu bai yi aiki ba, gumi ya jiƙa masa riga. Jan gari na zuba a kan daɓe, shi kuwa ji yake kamar a jikinsa ake yankan, amma bai tsaya ba. Gefe ɗaya ya rabu, gadon ya rusuna, Babba ya miƙe tsaye ba shiri. Mai Kujeru ya zagaya ya yanke ɗaya gefen, sannan na wajen ƙafa. Ko a cikin fushi yankansa a miƙe yake, bai ɓata wa allon ko da gefe ba.

Babba ya fitar da katifa, ya dawo ya kwashe katakan ɗaya bayan ɗaya. Auta ya zo zai kama masa, ya daka masa tsawa. Allon kai ya bari na ƙarshe. Ya rungumo shi, ya karkata shi ya fitar da rabi ta ƙofa, sai ya tsaya a nan, bayansa na ga uban.

"Baba," ya ce a hankali, "aikin ne bai yi ba?"

Mai Kujeru na zaune a ƙasa yana haki, zarton a kan cinyarsa. Tun Babba na riƙe masa bakin katako yake koya masa sana'a, kuma a duk tsawon shekarun nan iyakar yabon da ya taɓa yi masa shi ne ya duba aiki ya wuce bai ce a sake ba.

"Tunda nake ban taɓa ganin gado mai kyansa ba," in ji shi. "Ni da na koya maka ban iya irinsa ba."

Kafaɗun Babba suka motsa. Bai juyo ba. "Sai yau za ka faɗa min?"

"Sai yau."

"Shi ne ka yanka shi."

"Na yanka shi. In ka sake yin wanda ya fi shi ka kawo nan, shi ma zan yanka."

Babba ya ƙarasa fitar da allon, ya ɗora shi a ka kamar ɗan dako, ya ratsa tsakar gida uwarsa na kiransa bai waiwaya ba. Mai Kujeru ya bi shi da ido ta ƙofa har ya fice. Hawaye ya zubo masa, ya bar shi ya zuba, don abin da ciwo kuma babu amfanin ɓoyewa. Da matarsa ta zo bakin ƙofa ta tsaya tana kallonsa, ta ce ko ta aika Auta ya kira Babba a ba shi haƙuri.

"Haƙuri zan ba shi, har shago zan taka in same shi," in ji Mai Kujeru, yana share fuska da hannun riga. "Amma ba yanzu ba. Ara min tsintsiyarki tukuna."