Karan Bardi a Gonar Milad

Subhi ya ja babansa suka bar hanyar da suka saba, suka bi bakin magudanar ruwa. Hannun tsohon na dafe da kafaɗarsa.

"Yau hanyar ta ƙara tsawo," in ji Hajji Atiyya.

"Ƙafarka ce ta rage sauri, Baba."

Ƙarya ce. Shekara uku ke nan da tsohon ya makance, wata huɗu kuma da Subhi ya sa tarakta ta tumɓuke gonar uban ta bardi, karan nan na fadama da ake yin takarda da shi, ya dasa shinkafa. Baƙi masu sayen takardar bardi sun daina zuwa, yara kuwa ba takarda suke ci ba. Bai gaya wa tsohon ba. Sai ga auren Najwa, 'yar Subhi, ya taso, tsohon ya kafe sai ya yi mata takarda da hannunsa, daga karan gonarsa, a rubuta sunanta da na ango, yadda ya yi wa 'ya'yansa duka. Kuma shi zai zaɓi karan.

Shi ya sa suka nufi gonar Milad maƙwabcinsu, wanda har yanzu bardi yake nomawa. Tun jiya Subhi ya roƙe shi ya yi shiru.

Milad na tsaye cikin taɓo har gwiwa. "Barka da asuba, Baffa Hajji!"

"Milad? Me ka zo sata a gonata?"

"Ganin ido na zo yi. Shi ma sai an biya?"

Tsohon ya yi dariya, ya tuɓe takalmi ya shiga. Karan ya fi shi tsawo, gashin kan kowanne ya baje sama kamar tsintsiya. Ya riƙa shafa su ɗaya bayan ɗaya, yana bin kusurwa uku na jikin kowane kara da yatsa. Ya yanke wani daga gindi, ya fere koren bayan, ya gutsuri farar tsokar ya tauna.

"Ka ji zaƙi? Wannan ba ya neman danƙo. A jiƙa shi kwana shida, a shimfiɗa tsaye da kwance, a danne, shi zai kama kansa." Ya juya wajen da yake jin numfashin Milad. "Zo ka koya, malalaci. Duk ƙauyen nan sun sayar da kansu ga shinkafa, ɗana kaɗai ya tsaya. Ya ma fi ni iya riƙon gona."

Milad ya sunkuyar da kai yana wasa da lauje.

Tsohon ya lalubo kan Subhi, ya jawo shi ya sumbaci goshinsa, ya sa masa albarka mai tsawo. Subhi ya ji kamar an ɗora masa dutsen niƙa a wuya. Da ma marinsa aka yi.

Ya ɗaure karan ya saɓa. Da za su koma, ƙafarsa ta ƙi bin magudana. Ya kama tsohuwar hanya.

A daidai bishiyar dabinon da tsohon ya dasa da kansa, Hajji Atiyya ya tsaya, ya buɗe hanci.

"Shinkafa. Wane wawa ne kuma wannan?"

Subhi ya sauke damin.

"Ni ne, Baba. Gonarka ce. Waccan ta Milad ce."

Ruwa na ta gudu tsakanin kunyoyi. Tsohon ya miƙa hannu ya taɓa jikin dabinon, ya daɗe a haka. Sannan ya zare ɗaya hannun daga kafaɗar ɗansa, ya gyara riƙon sandarsa.

"Baba, ka ce wani abu mana."

"Ɗauki karan kada rana ta ɓata shi. Yarinyar ba ta yi laifin komai ba."

Ya kama hanyar gida shi kaɗai, yana dungurin ƙasa da sanda. Subhi ya bi shi a baya da damin, bai yi gigin matsowa ba.