Ƙulli Bakwai a Rigar Baba

Ranar da aka dawo da Baba daga asibitin birni a cikin kwale-kwale, likita ya ce a bar shi ya ci abin da ransa yake so. Baba bai nemi abinci ba. Cewa ya yi a ɗinka masa kayan tafiyarsa tun yana raye, ya gani da idonsa.

Inna ta yanko farin yadi, ta zauna a baranda ta fuskanci kogi. Kwana uku tana ɗinki da hannu, don irin wannan riga ba a kai ta keke. Ba a yi mata aljihu, ba a sa maɓalli, kuma ba a ƙulle zare. A nan bakin kogin Mekong ko yaro ya san dalili: ƙulli ɗaya ya isa ya ɗaure mamaci a ƙofar gida, ya kasa wucewa wurin kakanni, ya yi ta gararamba tsakanin bishiyoyin kwakwa.

A rana ta huɗu da hantsi ina ninke rigar, yatsana ya ci karo da wani abu kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin hammata. Na juya ta. Ƙulli ne. Na bi ɗinkin, na sami wani a kafaɗa, wani a bakin hannu. Bakwai cif!

"Inna, mene ne wannan?"

Ba ta ɗago daga kifin da take fere wa ƙaya ba. "Ajiye, Lua."

"Shekara talatin kina ɗinki. Wannan ba mantuwa ba ce."

"Na ce ki ajiye." Wuƙar ta tsaya. "Shekara arba'in da ɗaya ban kwana ɗaki babu tarinsa ba. Ya tsaya a ƙofa mana. Ni ban ce ya shigo ba."

Sai muka ji ƙarar injin kwale-kwale. Gwaggo Hai ce, yayar Baba, wadda ta shirya gawa ta fi ashirin a danginmu, kuma ba a sa wa kowa kayan tafiya sai farcenta ya bi kowane ɗinki. In ta ga ƙulli, rigar wuta za ta ci a tsakar gida, ta kwashe ƙanenta zuwa gidanta, Inna kuwa ba za ta ƙara taɓa ko tabarmarsa ba.

Inna ta riƙe hannuna da hannunta mai ƙarnin kifi. Na fizge, na ɗauki rigar da allura na shige bayan labule.

"Ina matar gidan?" Muryar Gwaggo ta cika baranda. "Muoi, har yau shayinki kamar ruwan wankin kwano? Ina rigar?"

"Lua na kakkaɓe ta, Yaya," in ji Inna. "Shigo. Ki fara gaida kakanni."

Ta ratar labule na ga Gwaggo ta kunna tsinken turare uku a gaban hotunan kakanni. Na soka bakin allura a ƙulli na farko. Ashe Inna ta ɗaure shi da ƙarfin mai tsoron rabuwa, sai da na sa haƙori. Na biyu, na uku. Allura ta shige min ƙarƙashin farce, na yi maza na cusa yatsan a baki, don ɗigon jini a farin yadi ya fi ƙulli muni. Na huɗu. Hawaye ya hana ni gani, ban ma san wa nake ceto ba, Baba ko Inna. Na biyar, na shida.

"Ke Lua! Rigar kike kakkaɓewa ko saurayi kika ɓoye a ciki?"

Labule ya yaye. Na bakwai yana nan a bayan wuya.

Gwaggo ta shimfiɗa rigar a kan ƙirjin Baba, ta ɗora tabarau a karan hanci. Baba ya buɗe ido, ya rame har kunnuwansa sun yi masa yawa.

"Yaya, haushi kike ji na riga ki, ko?"

"Rufe min baki. Tun kana yaro ba ka iya jiran layi ba."

Farcenta ya fara daga gindin riga. Ya hau gefen dama, ya zagaya hammata, ya sauka hannu. Inna na tsaye jikin ginshiƙi, leɓɓanta sun yi fari. Farcen ya koma hagu, ya hau kafaɗa. Saura taƙi ɗaya ya kai wuya.

Baba ya ɗaga hannu ya kama wuyan rigar, kamar mai jin laushin yadi. Na ga babban yatsansa ya tsaya cak. Ya dubi Inna, ya daɗe yana dubanta.

"Saki in duba," in ji Gwaggo.

"Nan na duba da kaina. Ko wuyan ma ba nawa ba ne? Je ki ga agwagin nan, an ce naki duk sun fi su ƙiba, ban yarda ba."

Gwaggo ta yi tsaki, ta sauka tsakar gida tana mita.

Baba ya miƙa wa Inna rigar.

"Muoi, zo. Da hannunki."

"Baban Lua..."

"Kina so in tsaya a waje ruwa na dukana, ina jin ƙanshin miyarki ba a ce min bismillah ba? Sake ni in isa. Ranar tunawa da ni duk shekara ki dafa miyar kifi mai tsami, ki kunna turare ki kira ni. Yaushe kika taɓa kirana cin abinci na ƙi zuwa?"

Inna ta durƙusa a bakin gadon. Na miƙa mata allura, ta ture hannuna. Ta kai wuyan rigar bakinta, ta kama ƙullin da haƙori, kafaɗunta na girgiza, Baba kuwa ya ɗora tafinsa a kan furfurarta. Can zaren ya saki. Ta ja shi a hankali ta miƙar, ta bar bakinsa yana lilo.