Takarda Mai Baƙin Zare

Mai Walda bai tsaya tambaya ba. Yana shan kwanar layin ya hango tsohon a durƙushe bakin ƙofarsa, yana tura wani abu ta ƙarƙashin ƙyaure, sai ya yar da ledar maganin da ke hannunsa ya taho a guje. Naushin farko a ƙeya ya sauka. Goshin tsohon ya daki ƙofar ƙarfen, ƙarar ta cika layin kamar an yar da garwa.

"Ashe kai ne. Kai ne kake son kashe min 'ya."

Tsohon nan Baba Masinja ne, maƙwabcinsa na katanga ɗaya shekara tara. Ya buɗe baki zai yi magana, amma tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi bara harshensa ya yi nauyi, ko ruwa ya nema sai wanda ya saba da shi ne zai gane. Abin da ya fito gurnani ne da miyau. A kunnen mai fushi kuwa, surkulle ne.

Kwana goma ke nan 'yar Mai Walda, mai shekara huɗu, tana kwance. Zazzaɓi ya ƙi sauka, in ya taso har sanƙarewa take yi. A cikin kwanakin, sau biyu mahaifiyarsa tana tsintar takarda a bayan ƙyaure, an ninke ta ƙarama, an ɗaure tamau da baƙin zare. Tsohuwa ko taɓawa ba ta yi ba, da tsintsiya ta tura su cikin wuta. Ta ce wanda duk ya ɗaure takarda da baƙin zare ya jefa gidan mutane, ba alheri ya ƙulla ba. Ba wanda ya kwance ya duba. Wa yake da wannan ƙarfin halin?

Shi kuwa layin nan, a kira mutane su taya ka fito da mota daga kwata, kowa bayansa ciwo yake. Amma a ce an kama wani, ko mai ɗingishi sai ya riga ka zuwa. Mai aski ya baro kan mutum rabi, mai faci ya zo da hannu duk baƙin mai, mahauci ya zo yana tambayar me ya faru alhali ya riga ya kai ƙafa. A cikin turereniyar igiyar jakar Baba ta tsinke, takardu suka warwatsu a ƙasa, kowacce da baƙin zarenta. Wannan ya gama magana. Wani ya ce ashe duk layin ya nufa, sai duka ta ko'ina, ba ji ba gani. Hular tsohon ta faɗa kwata, takalminsa ɗaya ya fice. Hannun da ke aiki ya ɗaga bai kare fuskarsa ba, takardun yake ƙoƙarin tattarowa. Idon Mai Walda ya rufe. Ya zaro guntun rodi daga tarin ƙarafan da ke jingine a katangarsa, ya sauke masa a haƙarƙari. Ya ji ƙarar abin da ya karye, har cikin hannunsa ya ji ta.

Ya ɗaga zai ƙara ke nan Mai Kemis ta kutso. Mace ce gajera mai jiki, wadda rabin layin a hannunta suka sha allura. Ta faɗa kan tsohon ta rufe shi, rodin ya goge ta a damtse, ba ta ko ce wash ba. Ta wawuri takardar da ta maƙale a ƙarƙashin ƙyauren, ta tsinke zaren da haƙori.

"Ku saurara, marasa imani. Tawa takardar da ya kawo min tana manne a bangon shagona tun satin jiya."

Ta karanta tana haki, rubutun a karkace kamar na ɗan koyo.

"Maƙwabci, wannan ta uku ce, ban sani ba ko na baya sun same ka. Ƙarfen riƙewa da ka kafa min a banɗaki da bakin ƙofa, tun ranar ban sake faɗuwa ba. Kullum na kama shi sai na tuna ka. Bakina ya ƙi faɗa, shi ya sa na rubuta. Na gode. Allah ya ba ƙawata ƙarama lafiya."

Kafin ta ninke takardar, mai aski ya tuna ya bar mutum a kujera, sauran ma suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Aka bar Mai Walda tsaye da rodi a hannu, ya rasa inda zai ajiye shi.

A motar kai Baba asibiti Mai Kemis ta sa aka ɗauko yarinyar ma, ba ta nemi shawarar kowa ba. Likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya yi mata yawa. Leda uku ta ƙarin ruwa, ta tashi zaune tana neman abinci. Baba kuwa, haƙarƙari huɗu suka karye, ɗaya ya huda huhu.

Mai Walda ya tare a barandar asibitin, kan bencin da ke fuskantar ɗakin maza. Abu ɗaya yake so a duniya: ya shiga, ya durƙusa, ya ce a yafe masa tun tsohon yana ji. Amma babbar 'yar Baba ta iso daga garin da take aure, ta tsaya a ƙofa. Ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Labari ta ba shi, a tsaye, tana kallon bango. Shekara talatin da biyar babanta yana masinja a ofis, yana yawo da takardun wasu, bai taɓa rubuta tasa ba. Da hannun dama ya mutu, likita ya ce ya riƙa motsa na hagu da biro. Sai ya ce in dai rubutu zai yi, gara ya gode wa waɗanda suka yi masa alheri tun yana da sauran numfashi. Takarda ɗaya yini guda take cin sa. Ɗaurin kuwa al'adar ofis ce, can duk takardar da ba a ɗaure ba ɓata take, sai ya riƙa ɗaurewa da haƙori da hannu ɗaya. Zaren ma na marigayiya matarsa ne, baƙin kaɗai ya rage a aljihun keken ɗinkinta. Ta ce duk ranar da ya kai takarda ya dawo, sai ya ci abinci har ya nemi ƙari, ya kira ta a waya yana ta dariya ita ba ta gane ko kalma ɗaya.

Mai Walda ya zube a gabanta, mutane suna wucewa suna kallo.

"Yaya, don Allah minti ɗaya. In ce masa ya yafe min."

"Da wane bakin zai amsa maka?"

Kwana uku yana kan bencin. Rana ta huɗu da hantsi ya ga an ja labule, ma'aikaciyar jinya ta fito da ledar ƙarin ruwa ba ta ƙare ba. Ba sai an faɗa masa ba.

Wajen ɗaukar gawa har rige-rige aka yi, waɗanda suka fi kai ƙafa su suka fi saka kafaɗa. Bayan an watse, babbar 'yar ta aika a kira shi. Ta miƙo masa jakar, Mai Kemis ce ta tsince takardun ta mayar ciki. Guda bakwai, wasu da sawun takalmi, biyu da jini ya bushe a jiki. Kowacce an rubuta mai ita a baya.

"Ya sha wahala kafin ya rubuta su, ba za su ruɓe a jaka ba. Ka raba. In ka gama ka kai kanka wurin 'yan sanda, sun san da zuwanka."

Ya fara da layinsu. Mai aski ya karɓa ya shige shago ya ja ƙofa da rana tsaka. Mahauci ya mayar da hannuwansa baya ya ce shi bai iya karatu ba, Mai Walda ya ajiye masa a kan teburin ya wuce. Mai faci ya kwance tasa nan take, ya kai rabi, ya zauna a kan taya ya rufe fuska da tsumman aikinsa.

Ta ƙarshe an rubuta mata "Mai sharar ofis". Sai da ya hau mota biyu, ya yi tambaya sau huɗu, kafin ya same ta a can bayan gari, zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Tsohuwa ce tukuf, idanunta sun yi fari. Da ya ce daga Masinja ne, ta tafa hannu, ta shafa takardar gaba da baya, ta ce tun da uwarta ta haife ta ba wanda ya taɓa aiko mata wasiƙa. Ta ce ya karanta mata. Shi da ya bar makaranta a aji huɗu, haka ya bi kalmomin ɗaya-ɗaya da yatsa. Baba yana gode mata ne a kan ranar da wandonsa ya yage ana jiran manyan baƙi, ta ɓoye shi a ɗakin tsintsiya ta ɗinke masa. Tsohuwa ta yi dariya har da tari, har hawaye. Ta ce shekara ashirin da wani abu, ashe ɗan banzan nan bai manta ba.

"Ya jikin nasa? Na ji an ce ɓarinsa ya shanye."

Mai Walda ya ninke takardar ya sa mata a hannu. Ita kuwa ba ta jira amsa ba, ta lalubo biro da wani tsohon littafin jikarta a ƙarƙashin tabarma, ta ce ai wasiƙa sai da amsa, ya yago fallen ƙarshe ya rubuta mata.

"Ka ce ina gaishe shi. Ka ce ya yafe min, ban je duba shi ba. Rubuta haka, ɗana, ka yafe min."

Ya ɗora takardar a kan gwiwarsa. Gaɓoɓin yatsunsa har yanzu a kumbure suke, biron ya ƙi riƙuwa, sai da ya dunƙule shi a tafin hannu. Ya fara jan harafin farko a hankali, ita kuma ta karkato da kai tana sauraren tafiyar biron, tana murmushi.