Abokiyar Sauraron Baba

Duk Unguwar Kanawa an san Alhaji Yahya da son kiɗa. Tun yana aikin gwamnati yake tara faifan garmaho da kaset, da ya yi ritaya kuma ya ware ɗaki guda a gidansa ya jere su a kan katako har kusa da silin. Ba ya ware wani kiɗa ya ce ba nasa ba ne. Da safe kukuma ce ko garaya, da hantsi ya koma wajen 'yan Kwango da jitarsu, kafin azahar ya leƙa Indiya, ya biyo ta Sudan da Mali. Har waƙoƙin Turawa makiyayan shanu yana da su.

Cikin 'ya'yansa Zulaiha ce kaɗai ta gado shi. Tun tana firamare ita ke goge masa faifai, ita ke juya kaset da biro idan zarensa ya warware. Ta yi aure a Malali, tana koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, amma Asabar ba ta wuce ta. Da ta idar da la'asar za ta hau Keke ta taho, ta dafa musu shayi, su zauna su biyu. Baba ya sa waƙa ya rufe ido, ita kuma ta faɗi ƙasar da aka yi ta tun kafin mawaƙin ya buɗe baki. Idan ta canka daidai sai ya nuna ta da yatsa ya ce, "Kunnena ne a kanki." Shekarunta sun haura talatin, amma har yanzu wannan maganar faranta mata rai take yi kamar yarinya.

Ana nan sai ƙaninta Nuraddeen ya yi aure, aka sauki amaryarsa Mardiyya a sashen baya na gidan kafin su samu nasu wurin. Yarinya ce mai fara'a da ladabi. Mahaifinta ɗan Zariya ne, mahaifiyarta kuwa 'yar Sudan ce da ya auro lokacin da yake karatu a can.

Wata Asabar Zulaiha ta iso, tun daga tsakar gida ta jiyo dariyar Baba. Ta ɗaga labule ta tarar da Mardiyya a durƙushe a bakin ƙofa daga ciki, tiren shayi a gabanta, waƙar Sudan ɗin nan da Baba ya fi so tana tashi a hankali.

"Zulai, shigo ki ji abin mamaki!" in ji Baba. "Tun ba a haife ki ba nake jin waƙar nan, na ɗauka saurayi ne yake yi wa budurwa kuka. Ashe mutumin da kogi yake magana! Ya bar garinsu, yana tambayar ruwa labarin mahaifiyarsa. Mardiyya, maimaita mata."

Mardiyya ta sunkuyar da kai ta gaishe ta. "Sannu da zuwa, Anti." Sannan ta bi baitin ɗaya bayan ɗaya tana mayar da shi Hausa.

Zulaiha ta yi murmushi ta ce ai kuwa abin da daɗi. Ta ɗauki kofin shayin ta kurɓa. An sa masa kanumfari da kirfa, ba irin nata ba, ga shi Baba har ya shanye kofi na biyu.

Daga ranar zaman ya zama na mutum uku. Mardiyya ba Larabci kaɗai take ji ba, ta yi kallon fina-finan Indiya har yarensu ya kama bakinta, kuma tana da murya. Idan kaset ya cinye wani wuri, sai ta ƙarasa da bakinta ƙasa-ƙasa, Baba yana kaɗa kai. Zulaiha ta san ƙasa, ta san shekara, ta san wace jita ce ta Kwango wace ce ta Gana, amma ba ta taɓa sanin abin da ake faɗa ba, Baba ma bai taɓa tambayarta ba. Yanzu kuwa kowace waƙa aka sa, sai ya juya wajen ƙofa ya ce, "Me ya ce a nan?"

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ita sau ɗaya take zuwa a mako, Mardiyya kuwa kullum tana gidan. Sai Zulaiha ta zo ta tarar sun yi nisa. Baba ya ce, "Wannan ai mun ji ta ranar Talata," su kalli juna su yi dariya a kan abin da ba ta sani ba.

Ta gwada nata ƙoƙarin. Ta kwashe mako tana tono tsofaffin waƙoƙin Habasha a waya, ta sayo ƙaramar sifika ta kawo masa. Baba ya saurara, ya ji daɗi ƙwarai, ya sa mata albarka. Waƙar ba ta kai ƙarshe ba ya ɗaga murya ya ce, "Ku kira min Mardiyya ta zo ta ji wannan, ta yi kama da na garin mahaifiyarta."

A ranar, da Zulaiha ta koma Malali ba ta iya cin abinci ba. Mijinta Kabiru ya tambaye ta, ta gaya masa, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Yanzu ke da ƙanwar bayanki kike kishi? Ai taimakonki take yi, tsoho ya samu mai ɗebe masa kewa."

"Ba ka gane ba," in ji ta, ta tashi ta bar masa falon.

Ba da jimawa ba aka yi suna a dangi, ta haɗu da Gwaggo Jummai, yayar Baba, wadda ba a yi mata musu a gidan. Suna cikin hira Zulaiha ta sako zancen kamar ba da wata manufa ba. Ta ce amaryar Nura yarinyar kirki ce, sai dai zamani ya canza, yanzu suruka ce ke zama ɗaki ɗaya da uban miji har tana rera masa waƙa. Ta faɗa tana dariya. Gwaggo ba ta yi dariya ba.

Asabar ta gaba Zulaiha ta tarar da Baba shi kaɗai. Ta dafa shayi irin nata, ta zauna a inda ta saba. Ya sa kiɗan Mali ta canka, ya sa na Kamaru ta canka, ya gyaɗa kai kawai. Can ya ɗauko wani kaset na Sudan, ya jujjuya shi a hannu, ya mayar.

"Yaya Jummai ta zo shekaranjiya," ya ce, bai kalle ta ba. "Ta shiga wajen yarinyar nan ta yi mata faɗa har ta yi kuka. Wai ba ta da kunya. Yarinyar da ko kujera ba ta taɓa hawa ba a gabana. Ban san wa ya kai mata zancen ba."

Zulaiha ta ajiye kofin shayinta. Ta ce, "Ka san halin Gwaggo."

"Na sani," in ji Baba. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya miƙa hannu ya ƙara murya.

Da za ta tafi ta haɗu da Mardiyya a bakin famfo tana wanke-wanke. Yarinyar ta rusuna ta gaishe ta yadda ta saba, har ta tambayi yara. Zulaiha ta so a ce ta harare ta ko ta ɗauke kai, da ta samu abin riƙewa.

Ta samu abin da take so, zaman ya dawo na mutum biyu. Sai dai Baba ya daina taɓa layin kaset ɗin Sudan da na Indiya gaba ɗaya, kuma tun kafin magariba yake cewa ya gaji. Ita kuma ta kasa jin daɗin waƙar, kunnenta yana tsakar gida, tana sauraron ko za ta ji motsin Mardiyya.

Kafin damina ta ƙare Nuraddeen ya samu haya a Kurmin Mashi suka tashi. Ya ce don ya fi kusa da wajen aikinsa ne, ba wanda ya ja zancen.

Asabar ɗin da ta biyo baya Zulaiha ta shigo da sallama, ta ga Baba ya sa tabarau yana fama da wayarsa, fuskarsa a sake irin yadda ta daɗe ba ta gani ba.

"Yawwa, gara da kika zo. Nura ya ce ana iya kira a ga mutum. Nemo min lambar Mardiyya, ni na kasa. Yanzu dai ba ɗaki ɗaya muke ba, Yaya Jummai sai ta huta."

Ta karɓi wayar ta nemo lambar ta danna. Fuskar Mardiyya ta bayyana, ta gyara mayafi da sauri tana gaishe su. Baba ya tashi da ƙarfinsa ya zaro kaset daga layin da ya ƙaurace wa, ya hura ƙurar da ke kansa ya sa a rikoda.

"Matso da ita kusa da sifika, Zulai, don ta ji sosai. A'a, ɗaga hannun kaɗan, ba na ganinta."

Zulaiha ta ɗaga hannun. Haka ta riƙe musu wayar har kaset ɗin ya kai ƙarshe, kafaɗarta ta ƙage, ta sauya hannu. Baba ya juya kaset ɗin zuwa ɗaya gefen.