Katunan Gaida Hajiya

Radiyya na goge masa rigar da zai sa ranar Litinin, shi kuma mijin nata, Dakta Aminu, yana zagaya teburin kicin da takardu a hannu, yana maimaita laccarsa karo na huɗu tun safe. Taron masana harsuna za a yi a wani otal a unguwar Northwest ta cikin birni. Shekara goma sha ɗaya ya kwashe yana kwatanta harshen Bask na arewacin Sifaniya da harshen Ayirish, har Radiyya da ke aikin kantin magani ta haddace abin ba da son ranta ba.

"Kin ga, Bask ba shi da dangi ko ɗaya a duniya, amma ya farfaɗo. Iyaye ne suka buɗe makarantu a ɓoye lokacin da aka hana. Shi ko Ayirish gwamnati na bayansa, ana koyar da shi a kowace makaranta, amma a gida an watsar. Harshe a ɗakin uwa yake mutuwa, Radiyya."

"Haka ne, Dakta," ta ce, ta danna ayan a kan kwalar da ƙarfi.

Ita dai maganar ta ishe ta. Mutumin nan da bakinsa ya kafa doka a gidan nan nasu na College Park, nan ƙasar Turawa, tun 'yarsu Ummi tana shekara uku, cewa Turanci kawai za a yi mata don kada harshenta ya karye a makaranta. Radiyya ta yi ƙorafi sati biyu, sannan ta bi, don ta gaji da musu da mai digiri uku. Wannan biyayyar tata ta fi komai ba ta ƙyama.

Jiya Hasiya, ƙanwar Aminu, ta bugo daga Kano. Hajiya, mahaifiyarsu, na asibiti, jiki ya yi tsanani, likitoci sun daina ɓoye-ɓoye. Ba ta tambayi kowa ba sai takwararta. Sunan tsohuwar aka sa wa yarinyar, Sadiyya, shi ya sa ake ce mata Ummi, kuma shekararta tara ba su taɓa haɗuwa ba.

To, me masanin harsuna ya yi? Sai ya ɗauko irin ƙananan katunan da yake shirya lacca da su, ya rubuta gaisuwa ɗaya a kan kowanne, ya sa lamba, har da alamar inda za a ɗaga murya. A lissafinsa gaisuwar Hausa tsari gare ta, an san abin da tsohuwa za ta ce bayan kowace amsa. Ya zaunar da yarinyar suka yi gwaji sau uku, shi ne Hajiya, har da maƙale murya.

"Dakta, wannan fa yaudara ce," in ji Radiyya.

"Taimako ne. So kike ta mutu da baƙin cikin jikarta ba ta jin Hausa?"

Ƙarfe goma sha ɗaya ya kankare katin waya, ya buga, ya buɗe lasifikar wayar don kowa ya ji. Hasiya ta ɗauka, aka ji ƙarar fanka da kukan wani jariri, sannan numfashin Hajiya.

"Ina wuni, Hajiya?" Ummi ta karanta, yatsanta a kan katin farko.

"Lafiya lau. Wa nake ji? Takwara ce?"

"Ni ce. Yaya jiki?"

"Da sauƙi, 'yar nan. Ashe bakinki ya iya."

Aminu ya dubi matarsa yana murmushi, ya miƙa kati na uku. "Allah ya ƙara sauƙi," in ji Ummi, tsaf kamar mai karanta labarai.

Hajiya ta yi tari mai tsawo. Da ta dawo, muryar ta yi ƙasa.

"Takwara, saurara. Ban goya ki ba, ban taɓa yi miki kitso ba, ko ɗanwake ban dafa miki ba. Tafiya zan yi. Ki yafe mini, kin ji?"

Aminu ya daskare. Yarinyar ta dube shi, ba ta ga alama ba, sai ta ja kati na huɗu da kanta kamar yadda aka koya mata.

"Makaranta lafiya lau. Ina aji huɗu."

Fankar asibitin kaɗai ake ji. Kunya ta rufe Radiyya tun daga kai har ƙafa. Can sai Hajiya ta ce, "Aminu."

"Na'am, Hajiya."

"Rubuta mata ka yi?"

"Hajiya, wato yanayin nan ƙasar ne, yara idan suna tasowa tsakanin harsuna biyu…"

"Ban tambaye ka karatu ba." Ta numfasa. "Saura nawa a hannunta?"

Ya duba. "Uku."

"To, ta karanto mini su duka. Muryar nake so."

Radiyya ta durƙusa kusa da 'yarta, ta ce mata da Turanci ta ci gaba. Ummi ta karanta cewa ana sanyi a nan. Ta karanta cewa tana gaida kowa da kowa. Ta karanta na ƙarshe, cewa sai sun zo hutu in Allah ya yarda. Bayan kowanne Hajiya na cewa "Madalla," a hankali, har Hasiya ta karɓi wayar tana shessheƙa ta ce nas ta shigo.

Ummi ta tattara katunan ta jera su bisa lamba. Ba wawiya ba ce, ta ga fuskokin iyayenta. Ta tambaya da Turanci ko ta yi kuskure, kuma me kakarta ta ce a wurin nan da muryarta ta canza.

Radiyya ta zare wayar ayan daga bango, ta naɗe ta a hannu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Dakta, 'yarka na tambaya. Fassara mata."

Ya buɗe baki, ya gyara tabarau, ya dubi takardun laccarsa da ke kan teburin. Yarinyar na tsaye tana jiransa.